Na Ce Ya San Alkahira

Ni na yi ƙaryar, ba Sabri ba. Gara in faɗi wannan tun farko, domin har yau akwai masu rantsuwa a garinmu Girga cewa shi ya yi ta.

Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a kan abinci. Goggo Ni'imat, ƙanwar Baba, ta zo da maganar da ta saba zuwa da ita, wato maganar Medhat ɗan Baffa Fauzi. Shekara uku ana wannan zance a gidanmu, shekara uku ina cewa a'a.

A lokacin shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani kusa da tasha. Sau biyu Sabri yana turo kawunsa neman aurena, sau biyu Baba yana ba shi shayi ya sallame shi da "za mu duba". Bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Baba ba mutum ne mai yi wa 'yarsa dole ba, amma ya iya jira har mutum ya gaji.

Goggo ta tsoma gurasa a miyar lalo ta shiga lissafo halayen Medhat. Shekara tara a Alkahira, shagon wayoyi, mota, ga magana irin ta mutanen talabijin. Kuma jininmu ne, ɗan baffa shi ya fi kowa haƙƙi. Daga nan ta juyo kan Sabri. Maraya, uwarsa tana gasa gurasa tana sayarwa, shi kuma yana tsaye gaban allo yana koya wa yara sunayen garuruwan duniya alhali ko Asyut, birnin da ke kusa da mu, bai taɓa wucewa ba.

Baba ya yi dariya kaɗan. Ya ce shi ba maraici ne ya dame shi ba, amma mutumin da bai taɓa fita ya ga duniya ba, bai san yadda zai riƙe 'yar mutane ba.

Wannan dariyar ce ta ƙona ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ai ya zauna a Alkahira," na ce. "Shekara biyu ya yi a can yana ƙaro karatu. Ya san ta kamar yunwar cikinsa, ba ya dai son faɗa ne."

Goggo ta tsaya da loma a hannu. Umma ta dube ni. Baba kuwa ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallona.

Akwai abin da ban tuna ba sai da magana ta riga ta fita. Tun bara da aka cire wa Umma yanar ido ta yi bakance cewa idan ta sake gani da kyau za ta je ta ziyarci masallacin Sayyida Zainab. Ido ya warke, Baba yana ta ɗaga tafiyar. A gidanmu babu wanda ya taɓa kwana a Alkahira. Shi kansa Baba sau ɗaya ya ratsa ta, a bayan motar soja rufe da tamfol, tun kafin a haife ni.

"To, madalla," in ji Baba. "Tunda ya san gari, shi zai shirya mana tafiyar uwarki. Kwana huɗu. Jirgi, masauki, da wuraren da za mu gani. Nan da mako uku ya kawo mini tsarin, lokacin Medhat ma yana gari, sai ya saurara."

Na ce to.

*

Washegari da la'asar Sabri ya shigo kanti karɓar maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Mai kantin ya fita salla. Na miƙa masa maganin, na riƙe ledar ban saki ba, na faɗa masa duk abin da na yi. Ban iya kallon fuskarsa ba, aljihun rigarsa nake kallo, inda alli ya ɓata.

Can ya ce in koma gida yau ɗin nan in gaya wa Hajj, wato Baba, cewa kuskure na yi. Na ce ba zan iya ba. Goggo tana wurin, kafin magariba dangi duka za su ji, kuma daga ranar babu mai sake sauraron maganata a kan aure. Ya ce to shi zai je ya faɗa. Sai na fashe da kuka.

Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da darajar mahaifiyarsa. Na ce mako uku ne kawai, ai shi malamin labarin ƙasa ne, taswirar Alkahira tana kansa fiye da waɗanda aka haifa a can. Na ce idan tafiyar ta yi kyau Baba zai ga irin mutumin da yake, bayan aure sai mu faɗi gaskiya a yi dariya. Na ce in ya ƙi, to ya miƙa ni ga Medhat da hannunsa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya yi tambayar da har yau take tashina daga barci.

"Nagwa, kunyata kika ji?"

"Wallahi a'a."

"Da goggonki ta ce ban wuce Asyut ba, gaskiya ta faɗa. Me ya hana ki ce e, haka ne, kuma shi nake so?"

Na ce haushi ne ya ɗebe ni. Na ce don shi na yi. Amma na san amsar gaskiya, shi ma ya sani. Na ji kunyarsa. Daƙiƙa ɗaya ce tak, a kan faranti ɗaya na miyar lalo, amma na ji.

Ya karɓi ledar a hankali. Ya ce zai shirya tafiyar, saboda Hajiya ta cancanci a kai ta ziyara cikin mutunci. Amma da bakinsa ba zai ce ya zauna a can ba.

"In an tambaye ka unguwa, ka ce Shubra," na ce ina share hawaye. "Duk mutanenmu can suke sauka."

Ya fita.

*

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki irin wanda Sabri ya yi a makonni ukun nan ba.

Ya sami sabon littafin rubutu irin na ɗalibai. Kullum in ya tashi daga makaranta sai ya biya tasha, har mai yankan tikiti ya san shi. Ya zaɓi jirgin safe don kada mu isa baƙon gari cikin duhu. Ya tambayi ɓangaren da rana ba ta dukan fasinja, da taragon da ya fi kusa da bayi saboda Umma.

Masauki ne ya fi ba shi wahala. Ya kira wurare sun fi goma sha biyar. Da sun ji harshensa na Basa'ide, wato mutumin kudancin ƙasar, sai murya ta canza. Wani ya tambaye shi ko da baunarsa ta gona zai zo, don a tanadar mata ɗaki. Sabri ya ba ni labarin yana murmushi, ya ce ya gaya wa mutumin baunar ta fi son otal mai ladabi. Na yi dariya, na shiga bayan kanta na yi kuka.

A ƙarshe ya sami wani ƙaramin masauki na iyalai kusa da Sayyida. Bai yarda ba sai da ya sa matar da ke kula da wurin ta ɗauki hoton lifta tana aiki, da hoton bayi, da na tagar ɗaki. Ya tambaye ni taku nawa Umma take iya yi kafin gwiwa ta dame ta. Ya tambaya ko Hajj yana cin abincin waje. Da na ce ba ya ci sai ya ga inda aka dafa, sai ya nemi masaukin su yarda Umma ta riƙa shiga kicin da safe.

Kowace rana ya raba ta biyu, ya bar tsakanin azahar da la'asar babu komai, ya rubuta "hutun Hajiya". Ranar farko Sayyida Zainab kawai, don a sauke bakance kafin komai. Rana ta biyu masallacin Husaini da kasuwar da ke gefensa. Ya ware awa ɗaya ta kwalekwale a kan Nilu, ya ce kogin namu ne, amma ya kamata Hajiya ta ga yadda yake idan ya shiga birni.

A gida kuwa Umma ta zama yarinya. Ta ɗinka sabuwar baƙar riga, ta fito da akwatin aurenta ta shanya. Kullum da tambayar da za ta ba ni in kai wa Ustaz Sabri. Ana sanyi a can da safe? Gaskiya ne akwai taragon mata zalla a jirgin ƙarƙashin ƙasa? In ta ɗauki gurasarmu za a yi mata dariya? Wasu na kai masa, wasu na ƙirƙiro amsarsu a hanya.

Wata safiya na ji ta bayan salla tana yi masa addu'a da sunansa. Tana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya zauna a birni bai dawo da girman kai ba.

Na koma ɗaki na rufe fuskata da filo.

*

Ranar ta zo, wata Alhamis bayan la'asar. A ɗakin baƙi akwai Baba, da Baffa Fauzi, da Medhat. Goggo da Umma suna bayan ƙofa. Ni aka ba shayi in kai.

Medhat ya zo da tabarau a saman kai da makullin mota a hannu. Tun kafin Sabri ya zauna ya fara ba da labaran Sa'idawa irin waɗanda ake yi a birni, na wanda ya yi wa lifta sallama, da wanda ya cire takalmi kafin ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Baffa yana dariya. Baba bai yi ba. Medhat dai a Girga aka yanke masa cibiya, a lungu ɗaya da ni.

Sabri ya buɗe littafinsa ya fara. Muryarsa irin ta aji ce, a natse. Ya faɗi jirgi da lokacinsa, ya faɗi ƙofar da za mu fita a tashar Ramsis, ya ce kada mu kula masu tasi da za su tare mu a ciki. Ya nuna hotunan masauki. Da ya zo kan maganar kicin, na ga Baba ya gyara zama ya matso.

Medhat ya katse shi, ya tambaye shi layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da za a hau daga Ramsis zuwa Sayyida. Sabri ya faɗa, ya lissafo tashoshin da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara da cewa daga tashar zuwa masallacin akwai 'yar tafiya, don haka Hajiya mota za ta hau. Medhat ya taɓe baki. Na tsaya da tire a hannu, zuciyata tana cewa mun tsira.

Sai aka zo rana ta uku. Sabri ya ce da safe za a je Giza a ga dala, a dawo cikin gari a sami jam'in azahar, tafiyar minti arba'in ce.

Medhat ya tuntsire da dariya har da dukan cinya, ya dubi Baba.

"Minti arba'in! Baffa, ka ji? Wanda ya kwana biyu a Alkahira ba ya lissafa hanya da minti. Wannan lissafin waya ne." Ya juyo. "Ustaz, wai a wace unguwa ka zauna?"

Sabri ya dubi littafinsa.

Shubra. Kalma ɗaya ce. Ina tsaye ina faɗarta a zuciyata, ina tura masa ita da ido. Da ya faɗa, da Medhat ya ƙara tambaya biyu ko uku, da wataƙila an wuce.

"Ɗana, ana tambayarka," in ji Baba, a hankali.

Sabri ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai.

"Hajj, ban taɓa zuwa Alkahira ba. Ko sau ɗaya. Duk abin da ke cikin nan tambaya na yi, da karatu, da waya."

Na ji Goggo ta ja numfashi a bayan ƙofa. Baba bai motsa ba. Ya ce to shekara biyun da aka ce masa fa, daga ina ta fito? Yana tambayar ne yana kallon Sabri, amma na san ni ake nufi.

"Ni na gaya wa Nagwa haka," in ji Sabri. "Na so ta ga girmana. Ba ta san ƙarya ba ce. A yafe mini."

Ina nan tsaye. Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba. Bakina lafiya lau, harshena lafiya lau. Na dubi ƙasa, na ƙirga furannin darduma, na yi shiru.

Baba ya ce, "Sha shayinka, Ustaz, ka tafi."

Bai sha ba. Ya miƙe ya yi wa kowa sallama da sunansa, har da Medhat. Da zai fita dole ya bi ta gefena. Na matsa masa. Bai dube ni ba, kuma na gode wa Allah da bai duba ba.

*

Kafin sallar Juma'a labari ya gama Girga. Goggo ba ta bar gida ko ɗaya ba. Ɗalibai suka sa masa suna Ustaz Alkahira, suna kiran sunan daga bayan katanga. Matan da ke sayen gurasa wurin mahaifiyarsa suka riƙa tambayarta ko ta birni ce ko ta gida. A kanti ma mutane suna shigowa su yi mini jaje, wai Allah ya tsare ni daga mayaudari. Ina cewa amin.

Tafiya ta koma hannun Medhat. Ya ce ba sai an rubuta komai ba, shi ne Alkahira. Baffa Fauzi ya zo da kansa, aka tsayar cewa da mun dawo za a karanta fatiha. Baba ya tambaye ni, na ce duk abin da ya gani. Ban ga da wane baki zan sake cewa a'a ba.

Na kira Sabri ya fi sau ashirin bai ɗauka ba. Saƙo ɗaya ya turo: kada ki ce komai, ya wuce.

Umma ta daina zancen tafiya. Ta mayar da akwatin ƙarƙashin gado. Ran nan muna tsince shinkafa, ba tare da ta ɗago ba ta ce ita dai ta ga maƙaryata da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wanda ya tambayi gwiwar tsohuwa ba. Ba ta ƙara ba. Ni kuwa shinkafar ta riƙa yi mini biyu-biyu a ido.

Kwana biyar na yi haka. Ba na ci, in na tsaya salla ba na sanin raka'a nawa na yi.

A rana ta shida da hantsi na hau saman soro, inda Baba yake ba tattabarunsa hatsi. Na durƙusa a bayansa. Na ce ina da magana, kuma ina roƙon kada ya juyo sai na gama, don in ya dube ni ba zan iya ba.

Na faɗa masa duka. Yadda dariyarsa ta ƙona ni, yadda Sabri ya ce in dawo in faɗi gaskiya na ƙi, yadda na yi masa kuka a kanti, har Shubra da na sa masa a baki ya ƙi furtawa. Kuka yana yanke mini magana ina ci gaba. Na ce ban zo don a fasa maganar Medhat ba. In an ce gobe ne, na yarda. Amma ba zan iya shiga gidan kowa ba alhali wani yana yawo a gari da ƙaryata a wuyansa.

Baba ya ci gaba da watsa hatsi har kwanon ya ƙare. Sannan ya juyo. Na yi tsammanin faɗa, ko mari, abin da bai taɓa yi mini ba. Sai na ga idonsa ya yi ja.

"Kina tsaye da tire," ya ce. "Ina kallonki. Na ce a raina, in ƙaryar tata ce yanzu za ta yi magana, 'yata ce. Da kika yi shiru sai na gaskata shi."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya zauna a kan bulo. Ya ce bari shi ma ya gaya mini abin da bai gaya wa uwata ba. Shekara guda yana ɗaga tafiyar nan ba don komai ba sai tsoro. Yana tsoron ya sauka a tashar nan da rawaninsa da jallabiyarsa, ya rasa gabas da yamma a gaban matarsa, yaran birni suna nuna shi. Kuma ya san in Medhat ne ya kai shi, duk kuskuren da ya yi zai zama labarin da za a ba abokai a shago.

"Da kika ce malamin nan ya san gari, wallahi daɗi na ji. Na ce ga wanda zai kai ni ba tare da ya yi mini dariya ba." Ya share fuska da gefen rawani. "Maraya ya shigo gidana da aikin mako uku, na kore shi ko shayi bai sha ba. Tashi ki sa mayafinki."

Na tambaye shi ina za mu.

"Inda kika ajiye ƙaryar, can za ki ɗauko ta. Kuma ta kasuwa za mu bi."

*

Ta kasuwa muka bi, rana tsaka, shi a gaba ni a baya. Duk wanda ya gaishe shi ya tambayi ina zuwa, sai Baba ya ce gidan Ustaz Sabri za shi ba da haƙuri. Bai rage murya ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ji nake kamar a tsaga ƙasa in shige.

Mun sami mahaifiyarsa, Ummu Sabri, a tsakar gida, ta jera curin gurasa a rana suna kumbura, tana hura tanda. Da ta ga Baba ta ja mayafi ta miƙe. Ba ta yi mana tayin zama ba.

Baba ya ce 'yarsa tana da magana. Ya matsa gefe.

Na durƙusa a gabanta, a kan tokar tanda. Na ce, "Inna, ni ce. Sabri bai taɓa ce mini ya je Alkahira ba. Ni na ƙirƙira, shi ya ɗauka don ya rufa mini asiri." Sauran maganar kuka ya cinye.

Ta ce ta sani. Bai gaya mata ba, ko da ta matsa masa, amma ita ta raine shi, kuma tun yana ƙarami in ya yi ƙarya kunnuwansa ne ke fara tona shi. Abin da take jira ta gani shi ne kwana nawa zan ɗauka.

"Shida," ta ce. "Na yi zaton uku."

Baba ya ce laifin har da nasa, kuma bai zo don a yi masa uzuri ba. Ya roƙe ta ta kira masa Ustaz, yana so ya nemi gafararsa a gaban uwarsa, sannan akwai wata magana da za su yi ta maza.

Ummu Sabri ta sunkuya ta tura itace cikin tanda.

"Ba ya nan, Hajj."

Baba ya ce za mu jira ya taso daga makaranta.

"Ba makaranta ya je ba. Jiya ya kai musu takardar ajiye aiki. Yau ya bi jirgin safe." Ta ɗago ta dube ni, ba Baba ba. "Ya ce in wani ya tambaya, a ce masa ya tafi Alkahira. Ya ce a ce wannan karon da gaske ne."

Na dafa ƙasa. Na tambaye ta yaushe zai dawo.

Ta ɗauki curi ɗaya ta jefa cikin wuta.

"Tikitin tafiya kawai ya yanka, 'yata."